Wasiƙa ga Marubutan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi



A farkon Satumbar 2021 aka datse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata bayan kimanin wata guda, amma garuruwan arewacin jihar har cikin Nuwamba suna jira. Duk marubuciyar da ke sakin labarinta shafi-shafi ta waya, ana biyanta da kati, ta wayi gari babu mai karatu ko ɗaya. Lambobinsu kawai ta sani, ba ta san ƙofar gidan kowa ba.

Marubutan Kano sun daɗe da gane amfanin kusanci da masu karatu. A ƙarshen shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka juya musu baya, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama. Da kuɗinsu suke bugawa, kuma a cikin littafin wannan sai a tarar da jerin littattafan wancan, har da adireshin da za a aiko wasiƙa. Mai karatu ya sayi guda, ya koma neman biyar. Haka "In Da So Da Ƙauna", wanda ya fito a 1991, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana haya, ana aro, ana gardama a kansa a ɗakunan amare.

Marubucin Ƙaura ma ba shi da uzuri. Garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya cike da ɗalibai, ba zai rasa mutum goma masu son labari ba. Ya tara su a zaure ko a aji bayan an tashi, da rana, a watse kafin la'asar sakaliya, tunda kowa ya san halin da hanyoyi ke ciki. Mata su yi nasu a cikin gida. Ɗaya ta karanta da ƙarfi, sauran na gyaran wake ko kitso, wadda ba ta yi boko ba ma ta tofa albarkacin bakinta. Sau da yawa ita ce za ta ce, "A'a, Malama, uwar miji ba ta magana hakanga." Gyara irin wannan ba a samunsa wajen masu aiko "Allah ya ƙara basira" kullum.

Sai dai taron masu karatu yana da sharrinsa. Za su matsa a kashe kishiya, a aurar da jaruma ga mai kuɗi, a ƙara shafuka. Marubuci ya saurara da kyau, ya rubuta abin da aka faɗa a littafinsa na aljihu, amma ƙarshen labari nasa ne.

Kada kuma ya wanke harshensa don ya burge Kanawa. Idan ɗan Zurmi ne a labarin, a bar shi ya ce "wanga" da "mi kaka so", a bar kasuwar Shinkafi da hayaniyarta da ƙurarta. Na Shinkafi ya sa sunan littafin na Zurmi a bayan nasa, kamar yadda Raina Kama ta yi, kuma kowane zama a rubuta sunayen mahalarta da unguwanninsu a takarda, a ajiye wajen mutum biyu.