Share Fage Kafin Karatun Likitan Haƙori

A rangadin da na yi kwanan baya daga Bebeji zuwa Kiru, na wuce Tudun Wada har Doguwa, malamai da iyaye sun yi ta tare ni da tambaya guda. Yaro ya gama sakandare, yana son ya zama likitan haƙori, amma sakamakonsa na kimiyya bai kai ba. Shin ya tafi makarantar share fage, ko kuwa ya haƙura ya nemi wani fanni? Na ga ya kamata in amsa a nan, domin maganar ta shafi kowane malami da kowane akawu mai ɗa a makaranta.

Da farko sai mu san tsawon tafiyar. Karatun likitan haƙori shekara shida ne a jami'a, sa'an nan a yi shekara guda ana aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci. Tun 1966 aka soma koyar da shi a Jami'ar Ikko, amma Arewa ta daɗe tana jira kafin ta sami nata. Yanzu kuwa Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangayarsa, ɗalibanta suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin a dubi takardar yaro, sai ya ci Turanci da Lissafi da Fizik da Kemistiri da Bayoloji da daraja ta kiredit, galibi kuma a zama ɗaya a ke so. Bayan wannan ga jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978.

To, a nan ne mutanenmu su ke rikicewa, domin abu biyu su ke kira share fage, alhali ba ɗaya ba ne. Na ɗaya gyara ne, watau yaron da ya faɗi Kemistiri ko Fizik ya koma ya sake karatu, ya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO. Na biyu shi ne IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da jarrabawarsa. Wannan karatu ne na gaba da sakandare, na wajen shekara guda, a darussa uku, wanda ya ci da kyau yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wanda takardarsa ta sakandare ke da giɓi, IJMB ba zai cike masa shi ba. Sau da yawa uba ya kan sayar da buhunan masararsa da shinkafarsa ya biya kuɗin na biyu, alhali na farko ɗansa ke bukata, sai shekara ta ƙare a gane kuskure.

Mu a kudancin Kano ba mu da uzurin nisa kamar dā. Akwai kwalejin share fage a Tudun Wada, mai sunan Rabi'u Musa Kwankwaso. Yaron Riruwai ko Kwanar Ɗangora ba lalle sai ya je birni ya kama hayar ɗaki ba. Kuma ba abin kunya ba ne a ƙara shekara guda a gyara tushe. Tun 1977 gwamnatin Kano ta gane cewa tushen shi ne ciwonmu, shi ya sa ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kowa kuwa ya san yawan likitocin da su ka fito daga cikinsu.

Amma wajibi ne in faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Gurbin kaɗan ne. Hukumar likitoci ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kujerun aikin haƙori da ta ke da su, kuma rabon masu shiga aji biyu ya fi na kowa ƙanƙanta. Saboda haka cin IJMB da ƙyar ba ya kai yaro ko'ina a wannan fanni. Ya kamata uba ya aika a tambayi jami'ar da a ke nufi irin takardar da ta ke karɓa a wannan shekara, tun kafin ya kunce bakin aljihu. Yaron kuma ya zauna JAMB a shekarar, kada ya dogara ga ƙofa ɗaya.

Abu na biyu, ɗakin gwaje-gwaje. Na shiga wata sakandare a wannan yanki, na tarar da 'yan ajin ƙarshe sun haddace sunayen kayan awo sarai, amma ba wanda ya taɓa riƙe ɗaya a hannunsa, a allo malam ke zana musu. Irin wannan yaro in ya je share fage ya sake tarar da allo da alli kawai, shekara aka cinye masa. Aikin haƙori kuwa na hannu ne da ido. Duk uban da zai kai ɗansa wata makaranta, ya roƙa a buɗe masa ɗakin gwaji ya gani da idonsa.

Wani zai ce, duk wannan wahala don cire haƙori? Ai wanzami ma yana yi. Wanda ya faɗi haka bai ga cutar noma ba, wadda ke somawa daga dasashin yaro mai fama da yunwa, ta cinye kumatu cikin 'yan kwanaki. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, a Disamban 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an gane ta da wuri, magani mai araha ya kan tsayar da ita.

Wanda gurbin jami'a ya kuɓuce masa, akwai makarantar koyon aikin kiwon lafiya a Bebeji, aiki ne mai daraja, sai dai a gaya masa gaskiya cewa takardarta ba ta likita ba ce. Ku kuma shugabannin makarantu, ina roƙonku ku aiko mini da sunayen 'yan aji huɗu da su ka zaɓi kimiyya bana, da lissafin kayan gwajin da ke ɗakunanku, kafin hutu.