Ƙudan Zuma Bai San Katanga Ba

Wanda ya saurari sunayen unguwannin birnin Kano da kunnen basira zai ji kamar lissafin itatuwa ake yi masa. Akwai Durumin Iya da Durumin Zungura, akwai Rimin Kira da Cediyar 'Yangurasa, ga Kukar Bulukiya a wajen Dala. Ita kanta kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ta gaji sunanta ne daga kurmin da ke bakin Jakara. Da an fita bayan badala kuma sai a tarar da Kurna da Ɗorayi. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya iske gidaje ba su cika ganuwar ba, akwai gonaki da filaye da kududdufai a cikinta. Gari mai irin wannan inuwa ba ya rasa ƙudan zuma, ko a kogon kuka ko a amyar da aka rataye a reshen tsamiya.

Yau sunayen suna nan daram, yawancin itatuwan kuwa sun tafi. An cike kududdufai an yi gini, filaye sun zama shaguna, badalar ma an ci wasu sassanta. Sai ga shi a daidai wannan lokaci wata sha'awa tana tsirowa a tsakanin masu ilimin zamani. Ma'aikacin banki ko likita ko malamin makaranta ya kalli bidiyo a YouTube, ya ga Bature yana ɗaga saƙar zuma a saman bene, ya ji shi ma yana son ya sa kafinta ya yi masa akwati ya ajiye a bayan gida. Sha'awa ce mai kyau, kuma ta cancanci a ƙarfafa ta. Sai dai a gari irin Kano bai kamata kowa ya yi kiwon zuma shi kaɗai ba. Wannan kiwo yana bukatar ƙungiya tun kafin ya bukaci akwati.

Dabbar da ba ta da turke

Tunkiya tana da turke, kaza tana da akurki. Ƙudan zuma kuwa yana iya yin tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman fure, kuma amya ɗaya mai ƙarfi tana ɗauke da dubbai gommai. Amyar da aka ajiye a wajen Ƙofar Na'isa, ma'aikatanta za su iya kai wa har kasuwar Kurmi. Da bazara, lokacin da suke ɗibar ruwa don sanyaya gidansu, randar maƙwabci da butar alwala da famfon masallaci su ne mashayarsu. Idan fure ya yi ƙaranci sai su sauka a kan mai zoɓo da mai rake da mai tallar gari. Mai amya bai nemi izinin ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane ba, amma duk sun shiga kiwonsa.

Sannan ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana suke kira Apis mellifera adansonii, ba irin wanda ake gani a bidiyon Turawa ba ne. Ya fi shi saurin fushi, ya fi shi fitowa da yawa, ya kuma fi shi bin mutum zuwa nesa. Duniya ta shaida halin danginsa sa'ad da masani Warwick Kerr ya kai ƙudajen Afirka Barazil a 1956, wasu suka kuɓuce a 1957, suka yi ta bazuwa har suka shiga Amurka a 1990. Girgizar janareta ko injin markaɗe, ƙamshin turare mai ƙarfi, ko jifan yaro, kowanne yana iya tayar da amya. A karkara mutum yana da filin gudu. A lungun cikin birni, inda babur biyu da ƙyar suke gifta juna, akwai tsohuwar da ba ta iya sauri, akwai ragon layya a ɗaure, akwai makarantar allo cike da yara. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar dafin, waɗanda harbi ɗaya kan iya toshe musu numfashi. Hausawa suna yi wa zuma kirari da ga zaƙi ga harbi. A kiwon mutum ɗaya, zaƙin na mai amya ne, harbin kuwa maƙwabci ne yake sha.

Saboda haka aikin farko na ƙungiya shi ne ta yanke inda amya za ta zauna, kuma ta faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa 'ya'yanta daɗi ba: mafi yawan cikin badala bai dace da amya ba. Wurinta shi ne gonaki da lambunan bayan gari, ta wajen Kura ko Bichi ko Dawakin Tofa, ko kuma wani lungu na haraba mai faɗi irin ta sabon mazaunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo, idan hukumar wurin ta amince. Ƙungiyar ta zauna a birni, amyoyinta su zauna a karkara, 'ya'yanta su riƙa fita tare ranar Asabar.

Duk da haka tana da aikin yi a cikin gari. Gungun zuma kan sauka a silin masallaci ko na aji, kuma abin da aka saba yi shi ne a nemo fetur ko fiya-fiya, a jefa gini da mutane cikin haɗari. Unguwar da ta san akwai mutum biyu masu rigar kariya da za su zo da magariba su kwashe gungun zuwa akwati ta sami abin da babu wata hukuma da take yi mata a yanzu.

Tabarma ɗaya ga ilimi biyu

Amyar gargajiya ana saƙa ta da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a ɗora a bisa itace. Ranar ɗiba a hau da dare da wuta, ƙudaje da yawa su ƙone, a matse saƙa da 'ya'yan da ke ciki, zumar ta fito da warin hayaƙi. A 1851 wani limamin kirista Ba'amurke, Lorenzo Langstroth, ya lura cewa idan aka bar tazarar milimita shida zuwa tara tsakanin katako da katako, ƙudan zuma ba ya cike ta da saƙa, ba ya kuma liƙe ta. Daga nan aka sami akwatin da ake zare saƙarsa a duba a mayar ba tare da an rusa gidan ba. Akwatin nasa yana da tsada kuma yana bukatar injin tacewa. Wajen 1970 aka fito da samfurin Kenya mai sanduna a sama, wanda kowane kafinta zai iya haɗawa idan an ba shi awo daidai. Shi ya fi dacewa da mai farawa, kuma da yake a daidai ƙugu ake ajiye shi, ba sai an hau itace da dare ba, ya buɗe wa mata ƙofar da amyar gargajiya ta rufe musu.

Rigar kariya, abin busa hayaƙi, matata, da na'urar auna yawan ruwa a zuma, duk kaya ne da mai amya biyu ba zai yi amfani da su ba sai 'yan kwanaki a shekara. Mutum goma sha biyar za su iya mallakarsu tare ta hanyar da Kanawa suka daɗe da sani, wato adashi. Amma abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne sani. Dattijon ƙauye da ya gaji amya daga mahaifinsa ya san lokacin da gawo yake fure bayan ɗaukewar ruwa, ya san na mangwaro da kaɗanya da ɗorawa a rani, ya san abin da ake turara amya da shi don ƙudaje su shiga, ya san alamar da ke nuna suna shirin ƙaura. Ɗan boko ya iya rubuta kwanan wata da nauyi da lissafi, ya iya karanta abin da aka gano a wasu ƙasashe. Idan an bar kowa da nasa, ɗan boko zai wayi gari ya tarar akwatinsa mai tsada fayau, dattijo kuma zai ci gaba da ƙone rabin dukiyarsa kowace shekara. Ƙungiya ita ce tabarmar da za ta zaunar da su biyun, kuma ya kamata dattijon ya zauna a matsayin malami, a biya shi ladan koyarwarsa.

Amana a cikin kwalba

Kano gari ne mai shan zuma. Akwai sura guda a Alƙur'ani, ta goma sha shida, mai ɗauke da sunan ƙudan zuma, kuma shagunan maganin Musulunci a ko'ina suna sayar da ita tare da habbatus sauda. Alkaki da nakiya na garar amarya da ita aka san su. Inda bukata ta yi yawa haka, algus ba ya nisa. Kowane magidanci ya taɓa riƙe kwalba yana tambayar kansa ko zuma ce ko dafaffen sukari. Gwaje-gwajen da ake yi a gida, na kan ashana da na ɗiga ta a ruwa da na jiran tururuwa, ba sa rarrabe komai. Har ma akan yi wa zuma ta gaskiya ƙazafi idan ta daskare, alhali daskarewa ɗabi'arta ce. Ma'aunin abinci na duniya ya ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma ƙaramar na'ura tana nuna wannan, amma gano sukarin da aka gauraya sai ɗakin bincike mai tsada.

Abin da ya rage wa mai saye shi ne suna. Kano ta san wannan tun da daɗewa, shi ya sa mahauta suke da Sarkin Fawa, maƙera suke da Sarkin Maƙera, marinar Ƙofar Mata kuma ta riƙe sunanta ƙarni bayan ƙarni. Sana'ar da take da shugaba tana da inda ake kai ƙara. Ƙungiyar da ta rubuta a jikin kowace kwalba garin da aka ɗebo zumar da watan da aka ɗebo ta, ta kuma kori duk ɗanta da aka kama da algus, ta ba mai saye abin da gwajin ashana ba zai ba shi ba. Neman rajistar hukumar NAFDAC ma ya fi sauƙi ga mutum ashirin masu wurin tacewa ɗaya da a ce kowa ya nema shi kaɗai.

Itace kafin amya

Biranen da suka riga Kano shiga wannan harka sun bar darasi biyu. Birnin New York ya ɗage haramcin kiwon zuma a 2010, da sharaɗin kowane mai amya ya yi rajista da hukumar lafiya. A Landan kuwa sha'awar ta yi yawa har masanan lambun binciken tsirrai na Kew suka yi gargaɗi a 2020 cewa amyoyi sun fi ƙarfin furen da ke wasu sassan birnin. Idan haka ta faru a garin da ruwa yake sauka duk shekara, ina ga Kano mai watanni bakwai na rani? Ƙudan zuman Afirka ba ya zaman yunwa, idan abinci ya ƙare tashi yake yi baki ɗaya.

Don haka ya dace ƙungiya ta ɗora wa kanta doka cewa babu wanda zai ƙara amya sai ya dasa itatuwa ya kuma raine su har su kama. Zogale da darbejiya da mangwaro da magarya da tsamiya duk suna ba da fure, kuma harabar makarantu da masallatai da gefen maƙabartu suna da wurin dasa su. A nan ne ɗan cikin badala da ba shi da halin ajiye amya yake da rabo, domin inuwar tasa ce ko bai taɓa lasar zumar ba. Haka kuma akwai maganar da ya kamata a yi da manoman rani na Kadawa da Kura. Kankana da kabewa suna da furen namiji daban da na mace, ba sa 'ya'ya sai ƙwaro ya kai garin wannan ga wancan. Manomin da ya fahimci haka zai yarda ya mayar da feshinsa zuwa yamma, bayan ƙudaje sun koma gida. Ranar 20 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ƙudan zuma tun 2017, tana zuwa ne a bakin damina, daidai lokacin rabon dashe.

Ƙungiyar da ba ta jiran tallafi

Mai shakka zai ce an sha ganin ƙungiyoyi: a zaɓi shugaba da ma'aji, a buga takarda mai tambari, a zauna jiran tallafin gwamnati, in ya zo a yi rigima, in bai zo ba a watse. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ya fi kyau a fara abin a matsayin sha'awa. 'Yan tattabaru a unguwannin Kano ba wanda ya taɓa ba su bashi, amma sun san juna, suna musayar iri, suna sasanta rigimar tsuntsun da ya sauka a gidan wani. Ƙungiyoyin ƙwallon unguwa da na masu kilisa haka suke rayuwa, da karo-karon 'ya'yansu. Abin da mutum yake yi don yana so ba ya mutuwa don an sauya kwamishina. Riba za ta iya zuwa daga baya, ta zuma da ta kaki, wanda dukawa da masu haɗa man shafawa suke nema, amma ƙungiyar da aka kafa don riba kaɗai ba ta jure shekarar farko da ƙudaje suka gudu.

Farawar ba ta bukatar abu mai yawa. Mutum goma a zaure bayan la'asar, littafi ɗaya na rubuta kuɗi da ayyuka, ziyara ga mai unguwa don ya san da su, tafiya ƙauye a gaida dattijon da zai koyar da su, da dashen itatuwa kafin ruwa ya zauna. Akwatin farko zai iya jira har kaka.