DANDALIN GEM: Sayen pad ba cinikin biri a sama ba ne



Duk wanda ya kalli fim ɗin Mortal Kombat na 1995, ya ga Robin Shou a matsayin Liu Kang yana ragargazar mazaje, ya san daga gem aka ciro labarin, don tun 1992 gem ɗin ya fito. Haka ma Tomb Raider da Angelina Jolie ta yi a 2001. To, samari da 'yan mata da dama ba su tsaya ga kallo ba, so suke su riƙe jarumin da hannunsu. A da sai an je shagon gem an biya kuɗi an bi layi. Yanzu kuwa mai laftof a ɗakinsa yake zuba ƙwallo da faɗa. Sai dai yin haka da kibod wahala ce, dole sai da pad, wato hannun gem.

A nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Yaro ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayo pad mai ƙyalli, ya jona, gem ya ce bai san zancen ba.

Abu na farko da mai saye zai sani shi ne, pad ma yana da yare. Akwai tsohon tsari mai suna DirectInput, akwai kuma XInput wanda kamfanin Microsoft ya kawo tare da Xbox 360 a 2005. Yawancin gem ɗin kwamfuta da suka fito bayan nan XInput suke ji. Shi ya sa pad ɗin Xbox mai waya da an jona shi a Windows yake kama aiki. Su kuwa masu arahar nan da ake sayarwa tagwaye a waya ɗaya, galibinsu tsohon yaren suke ji. Mutum zai danna fasin, ɗan wasa ya buga shot, ko kuma gem ya ƙi ganin pad ɗin kwata-kwata. Ana iya lallaɓa su da manhajar x360ce, amma fa sai mai haƙurin saiti. Logitech F310 kuwa yana da ɗan makunni a bayansa mai alamar X da D, wato yaren biyu duk yana ji.

To, ina masoya Sony, waɗanda suka tashi da Winning Eleven a kan PlayStation 2? Hannunsu ya riga ya saba da DualShock, inda analog biyun suke jere a ƙasa, saɓanin na Xbox da na hagunsa yake sama. DualShock 4 na 2013 da DualSense na 2020 duk suna aiki a kwamfuta. Wasu gem ɗin suna gane su kai-tsaye, wasu sai an bi ta Steam ko manhajar DS4Windows. Abin lura shi ne, sau da yawa alamun Xbox ne za su fito a allo. Gem zai ce a danna X, alhali X na Xbox a hagu yake, na Sony kuma a ƙasa. Kwana biyu ne dai mutum ya saba, amma kafin nan ya sha ci.

Sai batun mai waya da marar waya. Marar waya akwai daɗi, amma yana da tarko. Pad ɗin Xbox 360 marar waya ba ya amfani da Bluetooth, sai da risibarsa ta musamman, kuma igiyar cajinsa caji kawai take yi, ba ta haɗa shi da kwamfuta. Na Xbox One ma sai daga 2016 aka fara sa masa Bluetooth. Don haka mai sayen na hannu ya tambaya da kyau. Ga kuma batir: na Xbox ƙananan batira biyu yake ci, na Sony kuma caji ake yi masa. A inda ake yawan ɗauke wuta, mai waya ya fi kwanciyar hankali, ya kuma fi sauƙin kuɗi.

Babbar cutar pad ita ce analog ya riƙa tafiya da kansa. Mutum bai taɓa komai ba, sai ya ga ɗan wasansa ya nufi kwana da ƙwallo. Dalili kuwa, a ƙarƙashin analog akwai ɗan abin da ke gogar juna duk lokacin da aka juya shi, a hankali ya cinye, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta ƙara dagula lamarin. Ba jabu kaɗai abin ke kamawa ba. Hasali ma a 2020 sai da shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya ba masu Switch haƙuri kan matsalar Joy-Con. Maganin da aka samo shi ne analog mai aiki da maganaɗisu, wanda ake rubuta Hall Effect a kwalinsa, domin shi babu guga a ciki. Ba sabon abu ba ne, Dreamcast na Sega ya yi amfani da shi tun 1998. Kamfanonin 8BitDo da GameSir suna yin irinsa.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa asara ita ce gwaji a gaban mai shago. A tafi da laftof. A jona pad ɗin, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta joy.cpl, a shiga Properties. Za a ga 'yar alama a cikin akwati. Idan tana rawa ko ta karkace alhali ba a taɓa analog ba, to a ajiye shi. A danna kowane maɓalli a ga ya amsa, sannan a buɗe gem ɗin da aka fi bugawa, eFootball ne ko EA Sports FC, a yi minti biyar. Mai shagon da ya hana gwaji, shi ma ya ba da amsa ke nan.

Masu gem ɗin harbi kuwa kada su wahalar da aljihunsu, maus da kibod sun fi saiti. Amma ƙwallo, faɗa da tseren mota sai da pad.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, sayen nagari kuma mayar da kuɗi gida. Gara mutum ya ƙara wata guda yana tari da ya sayi jabu sau uku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.