Marayan Biri Ba Abin Wasan Yara Ba Ne

Manomin Khaddamari, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Barno, ba ya bukatar a ba shi labarin ɓarnar biri. In jan biri ya faɗa wa gona, mai gona sai salati. Amma fa akwai wata ɓarna da ba a cika maganarta ba, watau wadda mutum yake yi wa biri.

Duk wanda ya ga jaririn biri da igiya a ƙugu ana tallansa a bakin hanya, to, ya sani ba kyautarsa uwar ta yi ba. Jaririn biri manne yake da cikin uwarsa dare da rana, galibi ba a raba su sai an kashe ta. Mai saye yana tsammanin ceto ya yi, alhali kuwa kuɗin albarushin gobe ya biya wa maharbi. Ran da birin ya girma ya fara cizo, sai a ɗaure shi a gindin darbejiya har ajalinsa.

Renon irin waɗannan marayu aiki ne mai ƙa'ida, kuma ana yinsa a ƙasar nan. A 1991 wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka kafa gidan renon birai mai suna Drill Ranch a Kalaba, domin wani irin bika mai baƙar fuska wanda ba a samunsa sai a Jihar Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Ba sa sayen biri ko da kwabo, sai wanda hukuma ta ƙwato ko mai shi ya sallama, don kada su buɗe wa maharba kasuwa.

Da an kawo maraya, sai a keɓe shi a duba lafiyarsa, gama biri da mutum suna iya shafa wa juna cuta, kamar tarin fuka. A ba shi madara da bulumboti, a samar masa abin runguma a madadin uwa. In ya yi ƙwari a haɗa shi da 'yan'uwansa, daga bisani a kai su wani makeken shinge cikin kurmin Dutsen Afi. Nufin duka shi ne biri ya tashi a biri.

A Maiduguri kuwa, wurin da aka sani da ajiye namun daji shi ne gidan dabbobi na Sanda Kyarimi. A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin da sassan Jere, masu kula da gidan suka ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinsu sun hallaka.

Ya kamata duk gyaran da Gwamnatin Jiha za ta yi wa gidan ya haɗa da sashen marayun birai, a kan tudu, da likitan dabbobi. Tun 1985 aka kafa dokar soja mai lamba 11 don tsare namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, amma doka ba ta shayar da maraya. Abin da ya rage wa jama'a ba wuya: a daina saye. Ran da mai talla ya rasa mai tayawa, ran nan uwar biri za ta tsira da ɗanta.