Shugabancin sashen yara masu sikila ya wuce kujera da hatimi

1/
Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Duk lokacin da aka naɗa wani shugaban sashe a asibitin koyarwa, sai ka ga an cika Facebook da "Allah ya taya riƙo, Farfesa". Madalla. Amma ban cika ganin wanda ya tambayi abin da ake so ya riƙe ɗin ba. Bari mu ɗauki sashen yara masu sikila.

2/
Dalilin ɗaukar sikila: ita ce cutar gado da ta fi damun mu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Da wuya ka samu dangin da ba ta taɓa ba.

3/
Abin da yawancinmu muka sani game da ita shi ne ciwon ƙashi da ƙarin jini. Ba kowa ya san tana shanye wa yaro ɓarin jiki ba. In ba a yi rigakafi ba, kusan 11 cikin 100 na masu SS suna gamuwa da wannan kafin su kai shekara 20. Yaro ɗan shekara shida ya kwanta lafiya, ya tashi hannu da ƙafa ba sa motsi. A gida kuma sai a ce iska ce.

4/
Alhali akwai gwajin da ke nuna haɗarin tun kafin ya faru. Sunansa TCD. Ana ɗora wata 'yar na'ura a gefen kan yaro, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba zafi. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗari.

5/
Tun 1998 wani bincike a Amurka ya nuna in ana yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini duk wata, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. To amma ƙarin jini duk wata a nan? Wa zai ba da jinin? Wa zai biya? Uba mai sayar da kayan miya? Maganin yana cikin littafi, amma bai iso ɗakin marasa lafiya ba.

6/
Nan ne ake gane shugaba. Likitoci a Asibitin Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Barau Dikko na Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt, suka yi tambayar da ta dace da aljihun mutanenmu: ko ƙwayar da a kwalinta aka rubuta Hydroxyurea za ta iya tsayawa a madadin jinin?

7/
Yara 220 aka bi. Sakamakon ya fito a 2022. A binciken Amurka, yaran da ba a yi wa komai ba kusan 10 cikin 100 ne ke samun shanyewar jiki duk shekara. A na Kano da Kaduna, masu shan ƙwayar ba su kai 2 ba. Har ƙaramin awo ma ya yi aiki.

8/
Abin da ya fi burge ni ma ba alƙaluman ba ne. Sun koya wa ma'aikatan jinya yin TCD ɗin, ba su ce sai ƙwararren likitan hoto ba. Ƙwararrun nawa gare mu? In sai su za a jira, yaro zai shanye yana kan layi.

9/
Ra'ayina ke nan: shugaban irin wannan sashe, kada a auna shi da yawan takardun da ya wallafa ko tarukan da ya je Landan. A auna shi da abin da zai rage ranar da ya sauka, da ranar da kuɗin tallafin Turawa ya ƙare. Sau da yawa wa'adin shekara biyu ne kacal. Sikila kuwa ta rayuwa ce gaba ɗaya.

10/
Na san me wasu za su ce: ai jami'a ce, bincike shi ne aikinta, da shi ake ƙarin girma. Gaskiya ne, kuma misalin da na kawo ma bincike ne. Ban raina shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗebi jinin yara, a rubuta takarda, a zama farfesa, uwar yaron kuma ko sakamakon ba a kira ta an gaya mata ba.

11/
Aikin da nake nufi ba shi da ƙyalƙyali wallahi. Rajistar da ta san kowane yaro da ranar dawowarsa. Wanda zai ɗaga waya in an ga uwa ta daina zuwa, don sau tari kuɗin mota ne ya hana ta. Zaryar ofis-ofis har a sa Hydroxyurea cikin kasafin jiha. Gyara na'ura in ta lalace, maimakon a lulluɓe ta da zane a kusurwa.

12/
Sai kuma ranar da yaro ya girma, aka ce ya koma ɓangaren manya. Ya bar likitan da ya san shi tun yana goye, ya je inda in ya ce ciwo ya tashi ake masa kallon ɗan ƙwaya. Matasa da yawa a nan suke ɓacewa. Shugaban da ya san aikinsa, hannu da hannu yake miƙa su.

13/
Ga kuma ƙananan likitoci da ke ficewa zuwa Saudiyya da Ingila. Albashi ba a hannunsa yake ba, na yarda. Amma ko zai koyar da su ko zai riƙa tsawa a gaban marasa lafiya, wannan a hannunsa yake.

14/
Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024, kuma ina goyon baya. Sai dai dokar ba ta da abin da za ta yi wa yarinyar da aka riga aka haifa tana aji uku. Maganin gyaran ƙwayar halitta da aka amince da shi a Amurka a 2023 kuwa, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu. Mu bar wannan tukuna.

15/
In kana da ƙani ko ɗa mai SS tsakanin shekara 2 zuwa 16, ranar asibiti mai zuwa ka tambaya: an taɓa yi masa TCD? In aka ce babu na'ura, ka tambayi inda za a tura ku. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke nan, ku faɗa mana garuruwan da ake yin gwajin yanzu, don akwai iyayen da ke karantawa.