Inshorar Mota: A Duba Mai Biya, Ba Mai Araha Ba

Duk wanda ya san garin Azuba, a kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga, ya san motoci ba su ɗaukewa a wurin dare da rana. Ga manyan motocin doya da lemo daga Binuwai, ga bas-bas masu zuwa Abuja da Jos, ga kuma Keke Napep da 'yan acaba masu jigilar mutane zuwa cikin Lafiya. Tun da aka mai da hanyar tagwaye gudu ya ƙaru, kuma inda gudu ya ƙaru, karo ba ya zuwa da sauƙi. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu motoci magana a kan wata takarda da kowa ke ajiyewa cikin fatikula, amma kaɗan ne suka san amfaninta, watau takardar inshora.

Tilasta inshora ba sabon abu ba ne. Tun 1945 Turawa suka kafa dokar da ta hana hawa titi da mota sai da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Ita ce direbobi ke kira tad-fati. Ba ta gyara motar mai ita. Aikinta shi ne biyan diyyar wanda ka buge, ko ka ji masa rauni, ko ka lalata masa dukiya. Daga ran 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka shiga binciken wannan takarda a ƙasa baki ɗaya, jama'a kuwa suka yi ta rububin yanka. Abin tambaya shi ne, me suka yanka?

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ce ke yanke farashin tad-fati, ba kamfani ba. Daga ran 1 ga Janairu 2023 ta ɗaga kuɗin motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur N3,000 ne, Keke Napep N5,000, babbar motar dakon kaya kuwa N100,000. A cikin kuɗin har da katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda ke yi wa mota aiki in ta tsallaka zuwa Binin ko Gana.

To, tun da farashi ɗaya ne a ko'ina, duk wanda ya tare ka a bakin ofishin lasin ya ce zai yi maka ta motar gida a N4,000 ko N5,000, ka san jabu zai ba ka. Araha ba ta ado. Takardar za ta yi kyau, da hatimi da sa hannu, amma ran da ka afka wa motar wani a Shabu ko Nasarawa Eggon, babu ofishin da zai san da zamanka. A ran nan sai sayar da gona ko babur ko buhunan riɗi, a kan N10,000 da aka yi ƙyashin fitarwa.

Gane ta gaskiya ba shi da wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun ajiye sunayen motocin da aka yi wa inshora, ana ce da shi NIID. Mutum na iya bincika rumbun ta wayarsa, ya sa lambar motarsa, ya ga ko tana ciki. Shawararmu ita ce, wanda ya biya ya duba, in bai ga motarsa ba ya koma wa wanda ya karɓi kuɗinsa tun da zafi-zafi.

Amma samun takardar gaskiya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne, wane kamfani ne zai biya in rana ta ɓaci? Kada a ɗauka duk mai lasin yau yana nan gobe. A watan Yuni 2022 NAICOM ta soke lasin Niger Insurance da Standard Alliance, alhali kuwa dukansu sanannu ne a ƙasar nan. A shekarar 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora, wadda ta ce kamfanin da ke inshorar dukiya, har da motoci, sai ya mallaki jarin Naira biliyan 15. Manufar ita ce a rage masu karɓar kuɗin jama'a ba su da ƙarfin biya.

Saboda haka kafin ka miƙa kuɗinka, yi tambaya huɗu. Ta farko, sunan kamfanin yana cikin jerin masu lasin na NAICOM? Ta biyu, ina ofishinsu mafi kusa, a Lafiya yake, ko sai an je Abuja ko Ikko? Ta uku, in an yi haɗari wa za a kira, cikin kwana nawa ake so a sanar, kuma waɗanne takardu za a kawo? Ta huɗu, wa suka taɓa biya? Wannan ta ƙarshe ba a bakin wakilin kamfani ake jin amsarta ba. A je tasha a tambayi direbobi da 'yan kamasho, a je gareji a tambayi makanikai da masu gyaran jikin mota. Su ne suka san kamfanin da ke turo mai duba ɓarna cikin mako, da wanda ke ta jeka-ka-dawo har mai mota ya gaji ya haƙura.

Mai son cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motarsa shi kansa, da gobara da sata, shi ne zai ga bambancin farashi. Ko a nan ma hukuma ta ce kada kuɗin ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar Naira miliyan 6 ke nan ba za ta kasa N300,000 a shekara ba. Waɗansu kan rage darajar motarsu a takarda don kuɗin ya sauko. Wannan wayon a-ci ne, domin in motar ta ƙone, abin da aka rubuta shi ne iyakar abin da za a ba ka. A kuma tambayi nawa ne kason da mai mota zai ɗauka da kansa a kowace ɓarna, gama sau da yawa mai araha a nan yake fanshewa. Haka nan wanda ya yanki inshorar motar gida, ya koma yana kabu-kabu tsakanin Azuba da Akwanga, ya ba kamfani hujjar ƙin biya da hannunsa.

Masu ƙyamar inshora saboda gudun riba su ma an yi musu hanya. Tun 2013 hukuma ta fito da ƙa'idojin takaful, inda jama'a ke tara gudummawa don taimakon wanda tsautsayi ya faɗa wa, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful masu lasin. Su ma a yi musu tambayoyin nan huɗu, kada suna ya hana bincike.

Laifin ba na masu motoci kaɗai ba ne. Kamfanoni sun saba da cewa talaka ba ya zuwa neman diyyar tad-fati. In an yi karo sai a taru a bakin titi a yi sulhu, mai laifi ya biya daga aljihunsa, kuɗin inshora kuwa ya zauna musu. Muna kira gare su da su buɗe ofisoshi a Lafiya da Akwanga da Keffi, su buga sharuɗɗansu da Hausa yadda direba zai karanta ya gane. Muna kira ga NAICOM da ta riƙa shelanta wa jama'a a rediyo, kowace shekara, kamfanin da ya biya da wanda ƙorafi ya yi wa yawa, ta kuma sanar da su cewa tana da sashen karɓar koke. 'Yan sanda da jami'an bi'ai'o kuwa, kada su tsaya ga direban da aka damfara, su bi sawun masu buga takardun.

Shugabannin ƙungiyar direbobi su ma da nasu aikin. In tasha guda ta haɗa kai ta zaɓi kamfani ɗaya, ta ajiye littafin wanda aka biya da wanda aka hana, ba kamfanin da zai yi wasa da ita, don ya san motoci da yawa zai rasa a shekara mai zuwa.

Kai kuma mai mota, in tsautsayi ya auku, fara da ceton rai. Sa'an nan ka ɗauki hoto, ka samo rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfani nan da nan, kada kuma ka taɓa gyara sai sun gani. Kuɗinka ka biya, haƙƙinka ne ka nema. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.