In ɓera da sata, daddawa ma da wari

A watan Yuli na 2017, hukumomin Nijar suka tara dubban malaman firamare ƴan kwantaragi, daga Tawa zuwa Damagaram, daga Maradi zuwa Yamai, suka zaunar da su bisa bencin ɗalibansu, suka ba su jarrabawar Faransanci da lissafi. Ministan ilimin firamare na lokacin, Dauda Mamadu Marte, shi ya tsaya kai da fata sai an yi ta. Da sakamako ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai rabin maki. Aka kori waɗanda suka faɗi ƙasa warwas, aka soke kwantaragin waɗanda suka ƙi zama. Gari ya ɗauka: malamai jahilai ne, an gano mai laifi.

To, amma wa ya ɗauke su aiki?

Waɗannan bayin Allah ba daga sama suka faɗo ba. Tun 1998, a zamanin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya ke wa'azinsa, gwamnati ta buɗe ƙofar ɗaukar ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi. Dalili ɗaya ne: arha. Aka miƙa wa matashi mai takardar BEPC alli, wani da ɗan horo, wani babu, aka tura shi ƙauye da ɗan abin da bai kai albashi ba, wanda kuma ba ya zuwa kan lokaci. Kowane ɗan kasuwa ya san arha ba ta ado. Wanda ya sari haja bai duba ba, in ta ƙi sayuwa, ba ya kai ƙarar haja gaban alƙali.

Ƙungiyoyin malamai, musamman SYNACEB, sun ƙi jarrabawar, suka kira magoya bayansu su ƙaurace mata. Hujjarsu ita ce a cikin aji ake auna malami, gaban allo da yara, ta hannun sufetoci da masu ba da shawara kan koyarwa, ba da takardar yini ɗaya ko biyu ba. A nan suna da gaskiya. Takarda na iya nuna wanda ya san raba lamba. Ba ta nuna wanda zai iya riƙe yara ɗari a rumfar zana har su iya karanta sunansu.

Sai dai gaskiyar ba ta wanke su ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa fiye da yara 9 cikin 10 da ke ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ya kamata a karatu ba. Ɗiyan talakawa ne, ba na ministoci ba. Ƙungiyar da ke neman a girmama sana'arta, a bar ta ta yi aikinta ba katsalandan, ita ya kamata ta fara cewa wane bai cancanci riƙe alli ba. Maƙera ba su barin wanda bai iya zuga ba ya ɓata musu suna. Yajin aiki kaɗai ba amsa ba ne ga uban da ɗansa ya shekara shida a lakkwal bai iya rubuta wasiƙa ba.

Haka aka yi a Kaduna a shekarar nan ta 2017: gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta jarraba malamai, ta sallami fiye da dubu 21, ƙungiyar NUT ta tafi yaji a farkon 2018. Can da nan, salon ɗaya ne: mai mulki ya riƙe jan alƙalami, shi kuwa ba mai duba takardarsa.

In dai bin bahasi ake so, to a yi shi sama da ƙasa. A tambayi wanda ya sa hannu aka ɗauki maras horo. A tambayi wanda ya hana sufeto man babur. A tambayi wanda ya bar yara cikin azuzuwan zana har gobara ta ci aƙalla 20 a Yamai a watan Afrilun 2021, ta sake cin wasu a Maradi a watan Nuwamba. Malami ya zauna jarrabawarsa, ya ga makinsa, wani ya rasa abincinsa. Saura magabata. Yaushe za a kira tasu?